Giyar da Ƙafar Baba Za Ta Iya

Sallama gare ku 'yan'uwa, waɗanda muka saba da waɗanda yau suka fara leƙo mu. Ku gyara zama, don yau zancen ƙarfe zan yi muku. Kada wata ta taɓe baki ta ce me ya haɗa labarin soyayya da inji da giya. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na wayi gari na ga aurena ya maƙale a ƙirjin tsohuwar mota.

Sunana Lailatu, 'yar Malam Badaru Direba, a garin Sara ta ƙasar Gwaram. Muna da wata akori-kura da kowa a garin yake kira Dattijuwa. Ta girme ni, ta girmi auren Inna ma. A da shuɗiya ce, yanzu kam sai dai a yi mata kara a ce shuɗiya. Bodinta na katako ne, ya sha faci har ba a gane na asali. Da ita Baba yake kwaso gero da dawa da riɗi daga Zandam da Kwandiko ya kawo kasuwa, da ita aka kai rabin amaren unguwarmu ɗakunansu, kuma duk macen da haihuwa ta yi wa gardama a bayanta ake shimfiɗa katifa a nufi Birnin Kudu. Baba ba shi da abokin hira kamarta. Ya fi sanin tarinta fiye da namu.

Bara bayan girbi hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi. Yana tafiya da sanda yana jan ta kamar ta aro. Ku da ba ku taɓa zama kusa da direba ba, ƙafar hagu ita ce ta kuloci, wanda sai an danne shi har ƙasa kafin giya ta shiga. Kulocin Dattijuwa kuwa, mai lafiya ma sai ya cije leɓe. Shi ke nan Baba ya koma kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana kallon motarsa tana fita tana dawowa a hannun wani.

Wanin nan ba bare ba ne. Yaya Zulkifli ne, ɗan Baffa Hadi, ƙanin Baba. Kuma tun yanzu in faɗa muku, kada ku ɗauki Baffa mugu, don na san halinku, ba kwa raina abin tsinuwa. Baffa ne ya yi ta jigila da Baba asibiti, shi ya noma gonarmu tare da tasa, shi yake auno mana hatsi kafin ya auna wa gidansa. Ƙannena mata ne kuma ƙanana, ba mu da namijin da zai tsaya. Duk abin da Dattijuwa ta samo gida biyu yake ci. Mutumin kirki ne, sai dai idan ya faɗi magana ya gama, ba ya son a ɗora mata ko wasali.

Da damina ta kankama, Dattijuwa ta ɗauko taki za ta Kwandiko, injin ya buga a hanya. Da tarakta aka jawo ta gida. Aka kira bakanikenta daga Birnin Kudu, ya zo ya rataya sarƙa a reshen darbejiya ya zaro injin, ya buɗe, ya girgiza kai. Ya ce wannan ya gama aikinsa a duniya, gyara shi kamar ɗinke tsumma ne, a nemo wani inji da giyarsa a dasa mata.

Bakaniken nan shi ne Muhsin. E, shi dai, wanda kuka sani.

Ga wanda bai sani ba, Muhsin dogo ne baƙi, mai wushirya, kuma duk wankin da zai yi wa hannunsa sai ka ga baƙin mai a gefen farce. Shekaru yana duba Dattijuwa. A da shi da Baba kamar abokai suke, su kwanta a ƙarƙashin mota suna musu, Baba ya ce masa yaro man kaza, shi kuma ya ce ai zamani ya wuce su Baba. Tun ranar da ya aiko cewa yana sona, bakin nan biyu suka rufe ruf. Yanzu tun daga bakin lungu yake cire takalmi, ya zo ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa, ya gaida Baba da muryar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Kunyar surukai ta cinye abotar gaba ɗaya.

Ni kuma tawa ta fi tasu. 'Yar fari ce ni. Tun yaye kakata Balaraba ta ɗauke ni zuwa Zandam, a hannunta na girma, a bakinta na koyi wannan surutun da kuke fama da shi, sai da ta rasu na dawo gida. Baba bai taɓa kallona ido cikin ido ya yi mini magana ba. Idan yana son ruwan alwala, buta yake faɗa wa. Sai ya ce, da za a samu mai tausayin butar nan da an gode. Inna ma haka, tukunya take yi wa faɗa idan na yi laifi. Ba ƙiyayya ba ce, mun san ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar. To amma ku duba mini wannan gida: mai mota ba ya magana da bakanike, ba ya magana da ni, maganar aurena kuma ba ta hannunsa, tana hannun Baffa, don a wurinmu uba ba ya karɓar masu neman 'yarsa, ƙaninsa ne waliyyi. Kuma Baffa ya riga ya ba magabatan Muhsin Juma'ar da za su zo a tsayar da magana.

Muhsin ya tafi Kano neman inji. Ina kan keken ɗinkina, ina haɗa rigar atamfar da zan sa ranar Juma'ar, koriya mai zanen ganye da ruwan zinare, sai saƙonnin murya suka fara shigowa a jere. Na sa abin sauraro a kunne a ƙarƙashin ɗankwali na ci gaba da taka keke don kada Inna ta gane.

Ya fara da tambayar ko gimbiyar Sara ta ci abinci, sannan ya shiga zancen da ya fi so a duniya bayan ni, ko ma kafin ni, Allah ne masani. Ya ce ya samu inji biyu na tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, masu lafiya. Ya turo hotuna, ni dai duk baƙin ƙarfe na gani. Na farko injin gas ne da giyar hannu, mai ƙarfi kamar ingarman sa, ba ya shan mai, zai ja lodi ya hau tudu bai yi nishi ba, kuma duk ƙauyen da ya lalace za a samu mai taɓa shi. Na biyu injin fetur ne mai fulogi shida, da giya otomatik, wadda take canza kanta ba a taka kuloci. Ya ce wannan ya fi shan mai, ba zai ɗauki buhunan da na farko zai ɗauka ba, sai an ƙara masa babban lagireto don kada giyar ta yi zafi, kuma ran da batir ya mutu ba a tura shi ya tashi. Na tambaye shi me zai hana a haɗa injin gas ɗin da otomatik kowa ya huta. Ya yi dariya ya ce lallai na fara zama matar bakanike, amma wanda ya gani irin haka ba zai shiga ƙirjin Dattijuwa ba sai an yanka ƙashin bayanta, ita kuwa tsohuwa ba ta jure wannan tiyata.

Sai saƙo na ƙarshe ya shigo, muryarsa ta sauka.

"Laila, in don aiki ne, na gas ya fi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na biyun ƙafar dama kaɗai yake buƙata. Baba zai iya tuƙa shi. Ni ba ni da bakin tambayarsa."

Na tsayar da keken. Allura ta tsaya a tsakiyar ganye. Wallahi tunda Baba ya kwanta, ba wanda ya taɓa kawo mini a rai cewa zai iya sake riƙe sitiyari. Mun yi ta addu'ar ƙafa ta warke, ba mu taɓa tunanin motar ce za ta iya sauyawa ba.

Muhsin ya yi abin da ya kamata, ya kira Baffa ya zayyana masa duka biyun. Da la'asar Baffa ya shigo gidanmu da babbar rigarsa ruwan ƙasa da carbi a hannu, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida shi da Baba. Ni ina ɗakin Inna bayan labule, ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

Baffa ya yi bayani tiryan-tiryan, kuma ban ji ƙarya a ciki ba. Ya ce mota gida biyu take ci da su, kaka na tafe, lodi ake nema ba ado ba. Ya ce hanyar Kwandiko da damina ba ta san otomatik ba. Ya ce motar da ba za a tara matasa a tura ta ta tashi ba, ba motar ƙauye ba ce, motar matan birni ce masu zuwa biki. Ya ce in ta lalace a Zandam wa zai taɓa ta, sai a zauna jiran yaro ɗaya daga Birnin Kudu? Abu ɗaya ne bai ambata ba, ƙafar Baba. Ba mugunta ba ce ta hana shi. A wurinsa ambaton ƙafar a gaban yayansa cin fuska ne, kamar ya ce masa gurgu. Da ya gama sai ya ce, ko Yaya yana da magana?

Baba ya murza kan sandarsa.

"Duk yadda ka gani, Hadi. Ai kai ne a kai."

Baffa ya ce madalla. Ya miƙe yana kaɗe riga, sannan ya ɗan ɗaga murya yadda za ta ratsa labule, ya ce shi abin da ya sa yaron nan Muhsin ya kwanta masa, yana da jin magana, kuma yaro mai jin magana ake ba 'ya. Ya ce a gaya masa ya ɗauko na gas. Wa zai gaya masa? Ai kun san wa ake nufi. Baffa ya san wayar wa ta fi saurin shiga.

Na samu Inna a madafa tana tuƙa tuwo. Na tsuguna ina gyara itacen da bai buƙaci gyara ba, na ce mata ashe akwai giyar da ba a taka mata kuloci. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba da tuƙi har gumi yana ɗiga daga haɓarta, sannan ta ce wa tukunyar, ita ba ta shiga zancen maza, kuma yarinyar da ake shirin karɓar baƙinta ta iya bakinta. Ta ɗauki mara ta fara kwashewa. Da ta zo kan kwanon Baba ta sa malmala ɗaya, ta tsaya, ta ce wa kwanon, da can uku yake tashi da su ya nemi ƙari. Ta rufe ta tura mini.

Ban aika wa Muhsin komai ba a ranar. Ya turo alamar tambaya, na turo masa cewa caji ya ƙare, alhali wayar tana hannuna tana ƙona ni.

Washegari da hantsi gari ya yi tsit, maza duk suna gona. Na yafa mayafi na fito zubar da ruwan wanki a bakin lungu. Tabarmar Baba tana nan, butarsa tana nan, shi ba ya nan. Sai na hangi sandarsa a jingine da tayar Dattijuwa.

Yana ciki. Yadda ya yi ya hau shi kaɗai, Allah kaɗai ya sani. Motar ba inji, bakinta a buɗe, kaji ma sun fara kwana a inda injin yake. Shi kuwa yana zaune daram a kujerarsa, hula a gyare. Na matso ta baya a hankali. Na ga ya ɗora tafin ƙafar hagun a kan kuloci, ya haɗa hannu biyu a kan gwiwa yana dannawa. Ya tafi rabi, ƙafar ta karkace ta zame. Ya ɗago ta da hannu ya mayar, ya sake. Ta sake zamewa. Ƙafar dama kuwa, 'yan'uwa, sai kai da komo take tsakanin totur da birki, cas-cas, kamar ta saurayi, ita ba ta san an daina ba.

Ya ɗaga kai ya gan ni a madubi. Na sunkuyar da kai, shi ma ya kawar da nasa. Ya ce wa sitiyari, ana dubawa ne ko ɓeraye sun ci waya.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ajiye bokiti, na zo gefen ƙofar na durƙusa a cikin laka, atamfar zaman gidana tana shan ruwa, na yi masa magana kai tsaye.

"Baba, wanne kake so a sa mata?"

Na ji bakina kamar ba nawa ba. Na jira tsawa, ko ya ce wa madubi a kori marar kunyar nan. Bai yi ba. Ya dubi gilashin gaba, wanda tsagewarsa ta ratsa daga sama har ƙasa.

"Wanda ya ciyar maka da gida shekara guda, ba ka ce masa a'a a kan ƙarfe."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ce wa ƙofa, da za a miƙo sanda da an kyauta. Na miƙa, na juya baya don kada in ga yadda zai sauko.

Ku gaya mini, don Allah, wannan amsa ce ko ɗauri? Ya faɗa mini abin da yake so, ya kuma hana ni a numfashi ɗaya. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, rigar Juma'a tana rataye a ƙusa tana kallona, ba a ma sa mata hannu ɗaya ba. Idan na bi Baffa, na samu Muhsin, Baba kuma ya ƙare kwanansa a kan tabarma yana lissafa fitar motarsa da shigarta. Idan na bi ƙafar Baba, na tsallake maganar mutumin da aurena yake tafin hannunsa. Ba kakata balle in sa kaina a cinyarta ta yi mini zagin ƙauna ta nuna mini hanya. Gida cike da mutane, kowa yana son kowa, kuma ba mai iya buɗe baki.

Bayan azahar Muhsin ya kira, ba saƙo ba, kira. Na shige bayan rumbu na ɗauka. Hayaniyar kasuwa tana tashi a bayansa. Ya ce motar da za ta ɗauko kaya zuwa Birnin Kudu tana lodi, mai injin ya gaji da ganinsa, yau ko dai a ɗauka ko a bari. Ban rage masa komai ba. Na gaya masa abin da Baffa ya ce, da zancen yaro mai jin magana, da abin da na gani da hantsi, da amsar Baba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce in sani, wannan aiki ba riga ba ce da za a farke a sake ɗinkawa. Da zarar ya yanke farfela, wato sandar da ke juya tayoyin baya, ya rage mata tsawo, ya yi waldar mazaunin inji, to an gama, komawa baya sai an sake sabon aiki daga tushe.

"Kuma kin san a gaban wa kawunnaina za su durƙusa ranar Juma'a."

"Na sani."

"To ke me kika ce? Ba Baffa ba, ba Baba ba. Ke."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafata. Na ce masa ni dai ban san inji ba, amma na san ban taɓa roƙon Baba komai ba, shi ma bai taɓa roƙona ba, kuma yau na ga abin da ba zan iya mantawa da shi in je in zauna a ɗakin aure ina dariya ba. Na ce ya ɗauko otomatik.

Ya ja numfashi. Ya ce shi dama tun da ya ga injin nan zuciyarsa take wurin, tsoro ne ya hana shi, kuma ga shi mace ta riga shi. Ya ce in Baffa ya kore shi, sai ya zo ya buɗe gareji a gindin darbejiyarmu ya ga mai tayar da shi. Na ce ba abin dariya ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa yake yi. Sharaɗinsa ɗaya, in an tambaya shi ya zaɓa, kada in sa bakina.

Aka zo aka ja Dattijuwa zuwa Birnin Kudu. Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa shiga kurkuku irinsu ba, kuma da alheri aka gina shi. Baffa ya aiko da goro da sabuwar darduma ta baƙi. Ya tsaya a tsakar gida yana tsokanata, wai amarya ta fara wulaƙanci tun ba a je ko'ina ba. Yaya Zulkifli kullum sai ya leƙo ya ce in shirya hancina, matar bakanike da turaren gas take kwana, kuma ya riga ya yi wa mutanen Kwandiko alkawarin zai kwashe musu riɗi a sawu kaɗan. Inna ta jiƙa alkama, ta aro babban kasko. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in ji kamar na sace masa wani abu. Muhsin yana turo hotuna, ga wuta tana tartsatsi, ga Dattijuwa a kan duwatsu ba taya, ga shi ya yi baƙi ƙirin yana ɗaga mini babban yatsa. In kalla in goge. Baba kuwa ya koma tabarmarsa, bai sake yi wa ko buta maganata ba.

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya, maza sun dawo daga masallaci suna zaune a gindin darbejiya, Baba da Baffa da maƙwabta. Ina zaure da hijabina ruwan toka, na fake da sharar da ba a sa ni ba. Sai ga motar ta shawo kwanar lungu. Da can tun daga bakin kasuwa ake jin zuwan Dattijuwa, yau sai da ta zo gab muka ji ta, tana wani gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Muhsin ya tsayar da ita, ya bar ta a kunne, ya sauko ya cire takalmi ya durƙusa can gefe.

Baffa ya ɗan karkata kai yana saurare. Ya ce wannan gas ɗin ba shi da hayaniya. Yaya Zulkifli ya yi tsalle ya haye yana dariya, ya kai ƙafar hagu inda ya saba, ta faɗa wayam ta bugi ƙarfen ƙasa. Ya leƙa. Ya sake leƙawa. Dariyar ta tsaya, ya sauko ya ce wa mahaifinsa ya zo ya gani.

Baffa ya je ya sa kai ta taga. Ya daɗe. Da ya juyo fuskarsa ba fushi, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi Muhsin ko saƙonsa bai isa ba ne. Muhsin ya ce ya isa. Ya ce to wa ya sauya?

"Ni ne, Baffa. Laifina ne."

Na yi alkawarin ba zan sa baki ba, na sani. Amma ganinsa a durƙushe ba takalmi, kwana da kwanaki yana shan walda, zai ɗauki kayan da ni na ɗaura, sai na ji muryata ta fita daga zaure ta faɗa tsakiyar maza.

"Ni ce na sa shi, Baffa."

Maƙwabta suka fara neman takalmansu. Wani ya tuna yana da awaki a daji. Baffa bai kalli zauren ba. Ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli, ya zo gaban Baba ya durƙusa kamar yadda ƙane yake yi, ya ajiye makullin a kan tabarma.

"Yaya, ga motarka. Ga 'yarka kuma. Tunda yara sun iya yanke magana, baƙin gobe sai a nemi mai karɓarsu."

Ya miƙe, ya saɓa rigarsa, ya kama hanyar gidansa da ƙafa. Yaya Zulkifli ya tsaya tsakanin bin uba da kallon mota, ya rasa na yi.

Baba yana kallon makullin. Ni ina kallon Baba ta tsagar ƙyaure. In ya bar shi a nan, na yi asarar duka biyun. In ya ɗauka, ya ce wa ƙaninsa a'a a kan ƙarfe a gaban jama'a.

Ya ɗauka. Ya dogara sanda ya miƙe. Muhsin ya zabura zai taimaka, Baba ya ɗaga masa hannu, dole ya koma ya durƙusa. Baba ya ja ƙafar nan har bakin mota, ya jefa sandar a baya, ya kama ƙofa ya ɗaga kansa, ya sa hannu ya shigar da ƙafar hagun ya ajiye ta gefe kamar kaya. Ya murza makulli. Ya dubi sandar giyar, sannan, karo na farko tun da aka fara zancen aurena, ya dubi Muhsin.

"Kai, yaro. Ina gaba?"

Muhsin ya taso da hanzari ya nuna masa. Baba ya ɗaga ƙafa daga birki, Dattijuwa ta fara tafiya da kanta, a hankali, tafiyar mai ƙafa. Bai taka totur ba. Ya bi lungun har ya yi daidai da Baffa, ya miƙa jiki ya tura ƙofar ɗaya gefen ta buɗe. Ban ji ko ya yi magana ba. Na fito har waje ba takalmi ina kallo. Baffa yana tafiya, kai a miƙe, carbi yana lilo, mota tana tafiya a kafaɗarsa da ƙofa a buɗe.

Har suka sha kwanar masallaci Baffa bai shiga ba, Baba kuma bai rufe ƙofar ba.